Tsatsa a Ƙarƙashin Ƙafar Babana

Ranar da na fara sa ƙafa a filin motocin Maigida Garba ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma abin da idona ya fara sauka a kai shi ne wani ɗan haske a ƙasa. An yaye tamfol ɗin da ke rufe kan lorin da babana yake tuƙawa, ranar hantsi tana dukan wurin zaman direba, inuwar motar ta kwanta baƙi ƙirin. A tsakiyar inuwar sai ga tabon rana kamar faɗin tafin hannun babba, gefensa a yayyage. Kewaye da shi akwai ɓarɓashin wani abu ja, kamar an tauna goro an tofar ya bushe. Na daɗe a tsaye da kwanon koko a hannu ina mamakin ta inda rana ta bi ta ratsa mota, kafin na gane cewa rami ne, daidai inda Baba yake ajiye ƙafarsa ta dama.

Ku da kuke aikin gyaran motoci a nan yanzu kun san ni da tsufa da yawan faɗa a kan shara, kun kuma san ƙaramar gudumar nan da nake hana kowa taɓawa. A lokacin da nake ba ku labari ni yarinya ce 'yar makarantar allo, mai kunyar da ko Malam ya ce in biya karatu sai ya sunkuyo kafin ya ji muryata. Ba a daɗe da tashinmu daga tsohon Zangon Kumasi ba bayan annoba, motoci kuma sun fara karɓe hanyar Arewa daga hannun jakuna da 'yan dako. Ranar Alhamis ce, ba karatu, shi ya sa Inna ta aike ni da karin kumallon Baba.

Lorin wancan zamani daban yake da na yau. Jirgin ƙasa ne yake kawo inji da ƙashin mota daga bakin teku, kafintocinmu na Kumasi su gina mata jiki da katako. A gaba ne kawai, wurin ƙafar direba, ake barin farantin ƙarfe. Shi muke kira daɓe, kuma a jikinsa ake ɗaure gindin birki da na kuloci. Inji yana gabansa, bututun hayaƙi yana bi ta ƙarƙashinsa, saboda haka kafin a yi nisa ƙarfen ya ɗauki zafin da za a iya toya masa a kai. Direbobinmu kuwa ba sa tuƙi da takalmi, wai da tafin ƙafa ake jin numfashin mota. Dabarar da suka samo ita ce a jiƙa buhu, a ninka, a shimfiɗa a kan daɓen. In ya bushe yaron mota ya ƙara masa ruwa daga buta, in ya ruɓe a ɗora wani a kansa. Kowa haka yake yi.

Motar Baba ita ce mafi tsufa a filin, ragowa ce daga waɗanda Turawa suka sayar bayan yaƙinsu. Tana kai goro da gishiri Yeji, ta dawo da man kaɗanya da busasshen kifi. A dawowarsa ta ƙarshe, a gangaren Mampong, inda hanya take lanƙwasa a jikin dutse, gefe ɗaya bango gefe ɗaya kwazazzabo, Baba ya taka birki sai daɓen ya ɓurma. Diddigensa ya nutse, ƙarfe ya yanke shi, gindin birkin ya karkace. Da birkin hannu da goga motar a jikin tudu Allah ya sa ta tsaya, da shi kuma ya lallaɓo ta har gida.

Na same shi zaune a kan tsohuwar taya, ƙafarsa a naɗe da tsumma. Maigida Garba, mai motocin, babban fatakin goro ne mai ƙiba da yawan gumi, yana tsaye a kansa. Kusa da su akwai Masa Kwaku, Batone, wato ɗan asalin ƙasar, daga unguwar Bantama, makanikin filin, irin waɗanda a nan ake kira "fita". Ya fito daga ƙarƙashin motar yana goge hannu.

"Maigida, injin yana da rai sosai paa," in ji shi. "Amma wannan daɓe ba aikina ba ne, ni inji na koya."

Ya ƙara da cewa ba kantin da yake ajiye farantin mota mai irin wannan shekaru. Maigida Garba ya yi tsaki, ya ce to shi ke nan, ya riga ya aika a kira Tinga Maƙeri ya zo ya fasa ta, ko ba komai a sami fartanya. Sauran motocin duk da direbobinsu, saboda haka Sule, wato babana, sai ya koma bin ayari da ƙafa zuwa ƙasashen da mota ba ta kai ba.

Na san abin da wannan yake nufi a gidanmu. Tafiyar ayarin Baba ta ƙarshe, watanni ya yi ba labari, ya dawo da kurkunu a ƙafa, ya kwanta damina guda Inna tana ɗaga shi tana kwantarwa. Tun da ya koyi tuƙi muke ganinsa kowane mako. Na ajiye kokon a gefensa na koma bayan wata ganga na tsuguna, ba wanda ya ce in tafi, ni ma ban tafi ba.

Tinga ya iso da babbar guduma da kurfi a kafaɗa. Tsoho ne gajere daga Moshi Zango, hannuwansa duk ɗigon ƙunar tartsatsi. Sana'arsa fartanya da adda da gyaran tukwanen ƙarfe, kuma kowa ya san bai taɓa hawa mota ba. Hausarsa irin ta ƙabilar Moshi ce, namiji da mace duk "shi" ne da "kai" a bakinsa. Sai da ya sa Masa Kwaku ya tokare kowace taya da dutse, gaba da baya, sannan ya yarda ya ɗora gwiwa a wurin direba, mutane suna dariya.

Maimakon babbar gudumar, sai ya zaro wata ƙarama daga ɗamararsa ya fara ƙwanƙwasa daɓen a hankali, yana karkata kunne. Daga inda nake ina jin bambancin. A wani wuri sautin ya fito a dushe, kamar an buga jiƙaƙƙiyar ƙwarya. A wani wurin ƙarfen ya amsa da siririyar murya mai ja. Ya bi shi taki-taki, ya sauka ya shiga ƙasa ya ƙwanƙwasa ƙashin motar, wato manyan ƙarafan da komai yake zaune a kansu. Ban taɓa sanin ana iya tambayar ƙarfe ya ba da amsa ba sai ranar.

"Garba, ka kira ni fiɗa, amma dabbar bai mutu ba," in ji shi da ya fito.

"Kai da sai an tokare mota kafin ka taɓa ta, yaushe ka zama likitanta?"

"Mota ban san shi ba. Ƙarfe na sani."

Ya ce ƙashin lafiya yake, fatar sama ce ta ruɓe, kuma zai iya sa wata. Da ya yi shiru ya fasa ta, da ya sami ƙarfen da zai ishe shi ƙira har ƙarshen damina, kowa a wurin ya san haka. Maigida Garba ya kaɗa kai ya ce ga mata can suna tsince goro suna ɗaure huhu, ranar Asabar za a loda. In motar ta tashi kafin nan, ta tafi. In ba ta tashi ba, goro ya bi wata, ita kuma ta zama fartanya.

Masa Kwaku ya fara cire tankin fetur da ke ƙarƙashin kujera, ya kai shi can nesa, ya kwance gindin birki da kuloci. Tinga ya ɗauki alli ya zana layi. Layin bai bi bakin ramin ba, ya yi nesa da shi sosai, har ya haɗiye wuraren da fentinsu yake sumul. Baba ya yi magana, ya ce ai wannan ƙarfe ne mai kyau za a ɓarnatar. Tinga ya ɗora bakin kurfi a kan wurin ya danna da hannu kawai, sai ga shi ya shige kamar a cikin ƙosai. Ya ce tsatsa daga ƙasa take ci, fenti yana sama yana yi wa mutum murmushi. Daga nan ya bi layin da kurfi da guduma har ya ɗaga ruɓaɓɓen farantin ya jefar kusa da shinge, inda aka riga aka watsar da tsohon buhun. Ya bi bakin yankan da magagari, bai bar ko'ina ba sai da ya ga farin ƙarfe yana ƙyalli.

Saura lunguna. Inda daɓe yake haɗuwa da ƙashin mota akwai matsattsun kusurwoyi, tsatsa ta taru a ciki hawa-hawa. Hannun Tinga bai shiga ba, na Masa Kwaku ma haka. Tsohon ya waiwaya ya gan ni a bayan ganga, idonsa ya sauka a kan tawadar da ke yatsuna.

"Malama, zo nan kai," ya ce.

Na dubi Baba, ya gyaɗa mini kai. Tinga ya ba ni guntun langa-langa da ya lanƙwasa wa baki, da tsumma, da gwangwanin kananzir, da yashi a marfin kwano. Ya nuna mini sau ɗaya: a kankare, a shafa kananzir ya jiƙa, a goga da yashi. In na ga ja in ci gaba, in na ga baƙi in ci gaba, sai na ga fari sannan in matsa gaba. Na kwanta rub-da-ciki a wurin ƙafar Baba na zura hannu. Tsatsar tana ɓallowa falle-falle kamar tsohuwar takarda, ƙarƙashin kowane falle akwai wani mai duhu fiye da shi. Da na kai ga fari na farko, wani ɗan ɗigo kamar ƙwayar shinkafa, sai da na tsaya ina kallonsa. Ashe duk shekarun nan yana nan a ƙasa, sabo, yana jira.

Ina cikin wannan aiki na riƙa lura da wata akuya ta mai sayar da abinci a bakin fili. Ga ɓawon doya a zube, ba ta kula shi ba. Ruɓaɓɓen farantin nan take lasa, ta koma kan tsohon buhun ta tauna gefensa. An kore ta ta dawo, an sake kora ta sake dawowa. A gida ban taɓa ganin akuya ta nace wa abu haka ba sai ƙwaryar gishirin Inna. Na so in faɗa, amma filin cike yake da maza, sai na ci gaba da kankara. Har la'asar ta yi, na gama lungunan, Masa Kwaku ya buɗe gwangwanin jan fenti yana juyawa da kara domin a shafa kafin magariba ya kwana ya bushe. Sai na ga in na bari ya tsoma buroshi, an gama. Na kama gefen rigar Tinga na ɗan ja. Ya sunkuyo kamar yadda Malam yake yi.

"Kaka, akuyar can tun safe take lasar ƙarfen," na ce.

Ya dube ni, ya dubi akuyar. Ya taka har wurin, ya ɓallo ɗan ɓarɓashi ya sa a harshe, ya tofar. Ya dawo ya lakato ƙura daga lungun da na gama gogewa, ya sake ɗanɗanawa. Sannan ya tambayi Baba wane irin buhu yake takawa. Baba ya ce buhun gishiri mana, duk direbobi shi suke nema, domin ya fi kowane buhu daɗewa da sanyi, ko rana ta yi yaya ba ya saurin bushewa. Amma ai sai an zazzage shi tas ake shimfiɗawa.

"Lasa ka ji," in ji Tinga, ya miƙa masa yatsa.

Baba ya lasa ya yamutsa fuska. Tinga ya sa hannu ya rufe gwangwanin fentin. Ya yi musu bayani cewa gishirin ya shiga cikin ƙananan ramukan ƙarfen, ido ba ya ganinsa. In aka shafa fenti a kansa zai ci gaba da jan ruwa daga iska yana ci ta ciki, kafin damina ta ƙare an koma gidan jiya, kuma wannan karon ƙashin motar zai kama. Sai an wanke shi da ruwan zafi, an busar da wuta, sannan a yi maganar fenti. Wannan kuwa zai ci yini guda.

Da aka kira Maigida Garba ya zo yana huci. Ya ce goro ba ya jiran akuya, an riga an ɗaure huhu, yini ɗaya a zafin nan zai iya sa ya fara yaushi. A shafa fentin a rufe, in ba haka ba a fasa motar kowa ya huta. Na ga bakina ne ya jawo wannan. Tinga ya ajiye kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya a ƙasa.

"In ka ce fasa, in fasa yanzu. In ka ce gyara, sai Lahadi. Amma ni ba na rufe abin da na san zai buɗe a Mampong."

Maigida ya dubi tsumman ƙafar Baba. Can sai ya juya ya nufi wata sabuwar motarsa da ke tsaye a gefe, wadda yake alfahari da ita, ya ɗaga buhun da ke wurin direba. Daga inda nake na hango jan tabo a ƙasansa, da zanen saƙar buhun kwance a jikin ƙarfen layi-layi. Ya daɗe yana kallo. Da ya dawo muryarsa ta sauka. Ya ce matan za su kwance goron su yayyafa masa ruwa su sake ɗaurewa, amma in Lahadi ta yi motar ba ta tashi ba, da Tinga da akuyar duk zai haɗa ya yi fartanya da su.

Da safiyar Juma'a Inna ta ba da aron babbar tukunyar kokonta. Aka tafasa ruwa da toka da sabulun salo, ni nake bin lunguna da soso, Baba yana zuba mini ruwa da buta daga sama. A wanke, a ɗauraye da ruwan zafi zalla, Tinga ya ɗanɗana ya girgiza kai, a sake. Na ga aikin bai bambanta da wanke allo ba, in ka bar inuwar tsohon rubutu sabon ba ya fita. Da harshen Tinga ya daina jin komai, sai ya ce shi tsoho ne, bakinsa ya mutu da taba, a kawo babban alƙali. Masa Kwaku ya jawo akuyar da kunne ya kai hancinta wurin. Ta shinshina, ta yi atishawa, ta juya ta nufi ɓawon doya. Har Baba sai da ya yi dariya, karo na farko tun dawowarsa. Aka sa kaskon garwashi a ƙarƙashi, tururi yana tashi daga lungunan har suka bushe ƙamas.

Bayan an sauko daga masallaci Tinga ya haƙa ɗan rami a gefen fili, ya kafa zuga-zuginsa. Ya yanko ganyen ayaba ya shimfiɗa a kan ramin daɓen, ya danna da yatsa har bakin ƙarfen ya fito a jikinsa, ya yanke da wuƙa yana barin rata ta kowane gefe. Wannan ne ma'auninsa. Ya fasa wata tsohuwar ganga mai kauri, ya ƙone fentinta a wuta, ya miƙar da ita da duka, ya yanka ta daidai da ganyen.

Sannan ya yi abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ya ɗora farantin a kan duwatsu biyu, ya ce in hau. Na hau, ya lotsa a ƙarƙashina kamar faifai, ni da ban fi buhun gero nauyi ba. Na sauko ina cewa a raina wannan ne zai riƙe ƙafar Baba a gangare? Tinga ya ɗauke farantin daga kan duwatsun. Ya sassaƙa kwari a jikin wani kututture, ya gasa farantin har ya yi ja, ya kwantar da shi a kan kwarin ya bi shi da guduma, sai ga doron ƙarfe ya taso daga wannan gefe zuwa wancan, kamar jijiyar da ke tsakiyar fartanya. Ya yi wani a gefensa, ya yi wani. Da ya huce ya mayar da shi kan duwatsun ya ce in sake hawa. Na hau, ko motsi bai yi ba. Na ɗan yi tsalle, shiru. Masa Kwaku ya hau kusa da ni, shiru. Ƙarfen nan shi ne na ɗazu, ba a ƙara masa ko ƙwayar komai ba, lanƙwasa kawai aka yi masa. Na tsuguna ina shafa doron da hannu, na kasa daina kallon tsohon.

Bai gama ba. Ya sake ɗumama farantin, ba har ya yi ja ba, ya ɗebo man kaɗanya daga cikin wanda Baba ya kawo, ya shafa da tsumma a bakin awartaki. Hayaƙi ya turnuƙe, filin ya cika da ƙamshi kamar ana suya. Ya mayar wuta, ya sake shafawa, har ƙarfen ya koma baƙi mai sheƙi. Da ya huce ya watsa masa ruwa, ruwan ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza, ko ɗigo bai kama ba.

Ranar Asabar Baba ya roƙa mini izini a wurin Malam. Aikin ranar shi ne haɗawa. Tinga ya ce inda ƙarfe biyu suka kwanta a kan juna, nan ruwa yake ɓuya, nan tsatsa take fara gida, saboda haka sai an shafa jan fenti a tsakaninsu tun kafin a haɗa. Ya tsinko gashin kaza ya ba ni, ya ce hannun da ya saba da alƙalami ba zai tsallake wuri ba. Na bi kowane lungu da shi a hankali, kamar ina sa wasali. Aka ɗora farantin fentin yana ɗanye, aka huda, Tinga yana zura gajerun ƙusoshi masu zafi, Baba yana kwance a ƙarƙashi da ƙafarsa mai ciwo yana tokare su da dunƙulen ƙarfe, ana dannewa ta sama har kansu ya baje. Masa Kwaku ya mayar da gindin birki a kan sabon doron, ya ɗaure tam. Ta ƙasa aka shafe komai da kwalta mai ɗumi saboda taɓon hanya.

Muna cewa an gama, sai Tinga ya karɓi buta ya tsiyaya ruwa a kan sabon daɓen, ya tsaya yana kallon inda zai bi. Ruwan ya gangara ya taru a kusurwar hagu ta baya. Ya ɗora kurfi a wurin ya huda ɗan rami kamar faɗin kara. Daidai lokacin Maigida Garba ya iso.

"Tinga, rami na kira ka ka toshe, ko sabo na ce ka buɗe mini?"

"Wancan ruwa ne ya buɗe don ya rasa hanya. Wannan ni na ba shi hanya."

Ni aka sa na shafe bakin ramin da fenti. Baba ya tambayi abin da yake damunsa tun Alhamis, wato in ba buhu, da me zai kare ƙafarsa daga zafi. Tinga ya riga ya yi magana da kafinta. Aka kawo 'yan siraran katakai da aka jera da rata a tsakani, an ɗora su a kan ƙafafu gajeru kamar ƙaramin gado, iska tana bi ta ƙarƙashi, kuma ana iya ɗagawa da hannu ɗaya.

Da safiyar Lahadi Maigida Garba ya hau da kansa, ya tattara babbar rigarsa, ya taka birkin da duk nauyinsa, ya sake takawa har motar tana girgiza. Ya sauko yana share gumi, bai yaba ba, ya dai ce a fara loda goro. Na tsaya a bakin fili har ƙurar motar ta ɓace. Kwanakin da suka biyo baya, kullum in an tashi daga makaranta sai in bi ta bakin hanya, ina lissafa a raina ko yanzu Baba yana saukowa daga Mampong.

Ya dawo da yamma, ana yayyafi. Ya sauko yana ɗingishi kaɗan, ya ce birki ya riƙe a gangaren kamar an dasa shi a dutse, sai dai tuƙi a kan gadon nan kamar mutum yana tsaye a kan rumfa. Washegari Tinga ya zo. Ya ɗaga katakon, ya duba, ya ƙwanƙwasa ko'ina da ƙaramar gudumar, ƙarfen yana amsa masa da murya ɗaya daga gefe zuwa gefe. Ya ce wa Baba kowace dawowa a ɗaga katakon, a share, a wanke in gishiri ya zuba, a busar, a shafa mai, a tsokane ɗan ramin da kara kada taɓo ya toshe shi, sannan a ƙwanƙwasa a saurara. Shi ba zai riƙa zuwa ba, damina ta kama, manoma suna jiran fartanya. Baba yana cewa to, to, idonsa yana rufewa don gajiya.

A waɗannan kwanaki na koyi abin da na yi shekaru ina maimaita muku. Tsatsa tana fara aikinta ne a wurin da muka rufe don jin daɗinmu muka daina dubawa, kuma wanda ya shafa fenti a kan datti ya ɓoye wa kansa ciwo ne kawai. Na kuma ga irin mutanen da wannan sana'a take da su, tsohon da aka ba shi mota guda ya fasa ya kwashi ƙarfe, ya zaɓi ya tsaya ya saurare ta tukuna. Amma a ranar ba wannan nake tunani ba. Ina kallon Baba ne, na san shi sarai, zai yi sau ɗaya, sau biyu, ranar da ya dawo a gajiye ya ce sai gobe.

Tinga ya soke gudumar a ɗamararsa ya kama hanya. Na bi shi har bakin fili, wurin da direbobi suke zaune suna cin abinci. Wannan karon ban ja rigarsa ba, kuma bai sunkuyo ba, domin muryata ta fito har sai da suka ɗago kai.

"Kaka, ka bar mini gudumar nan. Ni zan riƙa saurara masa."